Rikicewar bugun zuciya: Matsayin abinci da ƙwayoyin ƙarin sinadarai, da abin da ya shafi mutanen Tungar Guru

Zuciyar baligi mai lafiya tana bugawa sau 60 zuwa 100 a cikin minti ɗaya idan yana zaune cikin hutu, kuma bugun yana zuwa ne a jere, tazarar wannan daidai da ta wancan. Idan wannan tsari ya sauya, ko bugun ya yi sauri fiye da kima, ko ya yi nawa, ko ya riƙa tsallake, likitoci suna kiran hakan rikicewar bugun zuciya. Masu fama da matsalar sukan kwatanta ta da faɗuwar gaba ba gaira ba dalili, ko jin kamar tsuntsu yana fuffuka a ƙirji. Wasu kuwa ba sa jin komai har sai cutar ta kai ga shanyewar ɓarin jiki.

A kasuwanni da shagunan magani da shafukan sada zumunta ana tallar ƙwayoyi da garuruwa da tsime-tsime iri-iri da sunan gyaran zuciya. Wannan maƙala ta tattaro abin da binciken likitanci ya tabbatar game da abinci da irin waɗannan ƙwayoyi, tare da duba halin da ya keɓanta ga yammacin Jihar Zamfara, wato Anka da Gummi da Bukkuyum, inda gubar dalma ta bar tabo a ƙauyuka irin su Tungar Guru.

Yadda bugun zuciya ke aukuwa

Zuciya tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. A ɗakin sama na dama akwai wani ɗan ƙulli da ke fitar da saƙon lantarki, saƙon ya bi ta wasu hanyoyi na musamman ya isa ɗakunan ƙasa, su kuma su matse su tura jini zuwa huhu da sauran jiki. Wannan lantarki yana samuwa ne daga shiga da fitar wasu sinadarai huɗu a jikin ƙwayoyin tsokar zuciya: sodiyam da fotasiyam da kalsiyam da maganiziyam. Dukkansu daga abinci ake samun su, ƙoda ce kuma ke daidaita yawansu a cikin jini. A nan ne alaƙar abinci da bugun zuciya ta samo asali.

Rikicewar iri-iri ce. Akwai tsallaken bugu na lokaci-lokaci, wanda kusan kowa yakan yi, kuma sau da yawa ba ya cutarwa. Akwai karkarwar ɗakunan sama, wadda likitoci ke taƙaita sunanta da AF. Ita ce ta fi yawa cikin masu daɗewa, kuma tana ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kusan sau biyar, domin jinin da ke kwanciya a ɗakin da ba ya matsewa da kyau yakan daskare, gudan ya tafi ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa. Akwai kuma rikicewar da ke tasowa daga ɗakunan ƙasa, wadda kan kashe mutum cikin mintuna. Babu mai iya bambance waɗannan da ji kawai. Gwajin ECG, wanda ke zana lantarkin zuciya a takarda, shi ne ke nuna wacce ce.

A ƙasashenmu manyan dalilan cutar su ne hawan jini da aka daɗe ba a kula da shi ba, da lalacewar ƙofofin zuciya sakamakon ciwon maƙogwaro na ƙwayoyin cuta da ba a yi maganinsa ba tun yarinta, da raunin tsokar zuciya bayan haihuwa. Ƙarancin jini da zazzaɓi mai zafi da ƙarancin ruwa a jiki da yawan aikin ƙullin maƙogwaro da ake kira tayirod su ma suna sa zuciya gudu. Wannan jeri kaɗai ya isa ya nuna cewa ƙwaya ɗaya ba za ta zama maganin kowa ba.

Tungar Guru da gubar dalma

A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta ƙasa da ƙasa, MSF, ta lura da yawan mace-macen ƙananan yara a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum. Bincike ya gano cewa gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinare suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kuma farfasa su ana niƙa su a cikin gidaje, ƙurar tana sauka a tsakar gida da abinci da hannayen yara. An ƙiyasta cewa yara kusan 400 ne suka rasu, dubbai kuma suka kamu. Tungar Guru da Yargalma da Dareta da Abare da Sunke da Duza da Tungar Daji su ne ƙauyuka bakwai da aka kwashe gurɓatacciyar ƙasarsu tsakanin 2010 da 2011, aikin da kamfanin TerraGraphics da cibiyar Blacksmith suka yi tare da gwamnatin jihar. Bagega ta samu nata aikin a 2013. MSF ta yi wa dubban yara maganin fitar da dalma daga jini, kafin ta miƙa shirin ga hukumomin jihar a 2022.

Wannan tarihi yana da alaƙa da lafiyar zuciya. Dalmar da ke cikin jini takan ragu da rabi a cikin kusan wata guda, amma fiye da kashi 90 cikin ɗari na dalmar da ke jikin baligi tana maƙale ne a ƙashi, inda takan zauna shekaru gommai, tana komowa cikin jini sannu a hankali. An tabbatar cewa dalma tana haddasa hawan jini tana kuma lalata ƙoda, waɗanda dukansu hanyoyi ne zuwa ga rikicewar bugun zuciya. Wani nazari da masana na Bankin Duniya suka wallafa a 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 5.5 ne suka mutu a duniya a 2019 daga cututtukan zuciya da jijiyoyin jini masu nasaba da dalma.

Yaran da suka tsira a 2010 yanzu samari ne da 'yanmata, wasu sun yi aure. A lokacin goyon ciki da shayarwa jikin mace yana ɗebo kalsiyam daga ƙashinta don gina jariri, dalmar da ke ajiye kuma tana biyo shi. Saboda haka duk wanda ya tashi a waɗannan ƙauyuka, ko yake aikin niƙa dutse da wankin zinare har yanzu, ya kamata ya faɗa wa ma'aikacin lafiya wannan tarihi a duk lokacin da ya je da ƙorafin zuciya ko awon ciki, ya kuma riƙa auna hawan jini a kai a kai ko da yana jin garau.

Abinci yana da rawar takawa a nan. Hanji yana tsotse dalma ta hanyoyin da yake tsotse kalsiyam da sinadarin ƙarfe na gina jini, don haka jikin da ke ƙarancin waɗannan biyun ya fi ɗaukar guba, haka ma cikin da babu komai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙananan yara suna tsotse ninki huɗu zuwa biyar na dalmar da manya ke tsotsewa. Nono da kindirmo da garin kuka da riɗi da ƙananan kifi da ake ci da ƙayarsu suna da kalsiyam. Hanta da nama da wake da ganyaye suna da sinadarin ƙarfe. Wani gwaji da aka yi a birnin Meziko ya nuna cewa ba wa masu ciki miligiram 1,200 na kalsiyam a kullum ya ɗan rage dalmar da ke jininsu. Ragin ba mai yawa ba ne, kuma babu abincin da ke maye gurbin raba mutum da ƙurar da kuma maganin asibiti. Binciken da aka yi a Zamfara ya nuna cewa hatsi yakan gurɓata ne wajen sussuka da shanya da niƙa, don haka ba a niƙa hatsi a injin da ya taɓa niƙa dutse, ba a daka a turmin da aka farfasa shi, ba a shanya gari a ƙasa ba shimfiɗa. Kwallin da ake yi da dutsen tozali shi ma dalma ce, bai dace da idon jariri ba.

Fotasiyam, da kuskuren da ake yi game da kanwa

A cikin sinadarai huɗun nan fotasiyam ne ya fi saurin rikita zuciya, ko ya yi kaɗan ko ya yi yawa. Ma'auninsa a jinin mai lafiya yana tsakanin 3.5 da 5.0. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya samu aƙalla miligiram 3,510 a kullum daga abinci. Wake da gyaɗa da gujiya da dankali da kabewa da tumatir da alayyahu da zogale da dabino da ayaba da lemo duk suna da shi da yawa. Ayaba matsakaiciya ɗaya tana ba da kimanin miligiram 400. Mai ƙoda lafiyayya ba ya cutuwa da fotasiyam na abinci, domin jiki yana zubar da rarar a fitsari.

Abin da ya fi rage shi a jikin mutanenmu shi ne amai da gudawa, musamman a damina lokacin da kwalara ke ɓarkewa, sai kuma magungunan sa fitsari irin su furosemide da hydrochlorothiazide, da yawan shan maganin wankin ciki. Garin ORS na cikin leda yana ɗauke da fotasiyam, amma ruwan gishiri da sukari na haɗin gida ba shi da shi, don haka mai ciwon zuciya da ya kamu da gudawa ya nemi na leda, ya kuma hanzarta zuwa asibiti.

A ɗaya ɓangaren, mai ciwon ƙoda, ko mai shan lisinopril ko losartan ko spironolactone, fotasiyam yana iya taruwa a jininsa har ya tsayar da zuciya ba tare da gargaɗi ba. Wannan ya sa ba a shan ƙwayar fotasiyam sai da umarnin likita bayan gwajin jini. Gargaɗin ya fi ƙarfi ga wanda dalma ta taɓa, domin ƙodarsa na iya samun rauni bai sani ba.

Mutane da dama suna zaton kanwa fotasiyam ce, saboda sunan da aka saba kiranta da shi a Turancin Najeriya. Alhali mafi yawan abin da ke cikin kanwa sinadarin sodiyam ne, wato ɗan'uwan wanda ke cikin gishirin miya, fotasiyam ɗin cikinta kaɗan ne. Wanda ya sha jiƙon kanwa da nufin ƙarin fotasiyam ya ƙara wa kansa abin da ke tara ruwa a jiki da tayar da hawan jini ne. Ɗan abin da ake jefawa a miyar kuɓewa ko kwaɓin ɗanwake ba shi ne abin damuwa ba, shan ta da yawa a kullum shi ne.

Gishiri da dunƙulen miya

Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada gishirin da baligi ke ci a yini ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma lissafin ya haɗa da wanda ke ɓoye a burodi da taliyar leda da kilishi da yajin tsire. Dunƙulen ɗanɗano da ake zubawa a miya kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Uwargidan da ke dafa wa mai hawan jini za ta iya rage dunƙule ta ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa da busasshen kifi, harshe kuma yakan saba cikin 'yan makonni. Rage hawan jini yana cikin hanyoyin da aka fi tabbatar da amfaninsu wajen kauce wa karkarwar ɗakunan sama.

Akwai gishirin da aka maye wani kasonsa da fotasiyam. Wani babban gwaji a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, wanda ya ƙunshi mutum kusan 21,000, aka wallafa a 2021, ya nuna cewa amfani da shi ya rage shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin ɗari. Amma bai dace da masu ciwon ƙoda da masu shan magungunan da aka ambata a sama ba.

Maganiziyam

Baligi yana buƙatar miligiram 310 zuwa 420 na maganiziyam a kullum, gwargwadon jinsi da shekaru. Ƙarancinsa yana jawo tsallaken bugu, kuma yana hana fotasiyam zama a jiki ko da an ba da shi. A asibiti ana ba da shi ta jijiya don tsayar da wata muguwar rikicewa ta ɗakunan ƙasa. Sai dai gwaje-gwaje ba su tabbatar da cewa shan ƙwayarsa yana hana AF ga wanda ba ya da ƙarancinsa ba.

Abincin gargajiya na ƙasar Hausa yana da wadatar wannan sinadari. Gero da dawa da wake da gyaɗa da riɗi da ganyen rama da zogale da alayyahu duk suna da shi. Mafi yawansa yana jikin dusar hatsi, don haka surfe mai tsanani da komawa ga farar shinkafa da fulawa suna rage abin da ake samu. Fura da nono, ko tuwon dawa da miyar kuka, ko dafa-dukan wake da ganye, sun fi lemun kwalba da biskit amfani ga zuciya nesa ba kusa ba. Yawan ƙwayar maganiziyam yana kawo gudawa, ga mai ciwon ƙoda kuma yana iya taruwa ya rage bugun zuciya fiye da kima.

Jego, kunun kanwa da seleniyam

Arewa maso yammacin Najeriya tana cikin yankunan da raunin zuciya na bayan haihuwa ya fi yawa a duniya. Mace takan fara haki da tari da kumburin ƙafa a ƙarshen ciki ko a watannin farko na jego, kuma rikicewar bugu na cikin abubuwan da ke kashe masu wannan cuta. A 1978 likitoci biyu da suka yi aiki a Zariya, Davidson da Parry, sun wallafa bayanin mata 224 masu cutar, suka danganta ta da yawan shan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa. Wani bincike a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, wanda aka wallafa a 2007, ya samu mace ɗaya mai cutar a cikin kowace haihuwa 102.

Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye na Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya jagoranta ya faɗaɗa fahimtar lamarin. Ya nuna cewa rama da talauci da rashin ilimin boko da hawan jinin masu ciki sun fi al'adun jego alaƙa da cutar. A wani nazari da aka wallafa a 2015 an samu fiye da kashi uku cikin huɗu na masu cutar a Kano da matsanancin ƙarancin sinadarin seleniyam, yayin da a cikin lafiyayyun masu jego bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Gwajin da ya biyo baya, wanda aka wallafa a 2020, ya ba wa masu ƙarancin maikirogiram 200 a kullum na wata uku tare da magungunansu na zuciya, aka ga alamun cutar sun ragu. Dama an san alaƙar seleniyam da tsokar zuciya tun daga cutar Keshan ta ƙasar Sin, wadda ta addabi yankunan da ƙasar nomansu ba ta da sinadarin.

Wannan misali ne na inda ƙarin sinadari ya yi amfani, kuma sharuɗɗansa a bayyane suke: an gwada jini, an ga ƙarancin, an ƙayyade adadi da lokaci, ba a kuma ajiye sauran magunguna ba. Baligi yana buƙatar maikirogiram 55 ne kawai a kullum, wanda kifi da ƙwai da nama ke bayarwa, wuce 400 kuwa yana zubar da gashi ya lalata farce da jijiyoyi. Game da kunun kanwa, duk yadda bincike ya kaya kan asalin cutar, mai jegon da ke da hawan jini ko kumburi ko haki ba ta da buƙatar ƙarin sodiyam. Kunun gyaɗa ko na tsamiya ya wadatar, surukai da ungozoma su ne za su fi taimakawa a nan.

Ƙarancin jini

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Idan jini ya yi ƙasa, zuciya tana ƙara gudu don ta isar da iskar da jiki ke buƙata, mai abin ya riƙa jin bugu da jiri da kasala. A irin wannan hali ƙwayar ƙarin jini da maganin zazzaɓin cizon sauro ko na tsutsar ciki sukan kawar da matsalar gaba ɗaya. Cin lemo ko goba ko tumatir tare da wake da ganye yana ƙara tsotsar sinadarin ƙarfe, shan shayi a kan abinci kuma yana rage ta. Masu sikila kada su sha ƙwayar ƙarfe sai an gwada su.

Man kifi da bitamin

An daɗe ana tallar ƙwayoyin man kifi, wato omega-3, a matsayin abokan zuciya. Manyan gwaje-gwaje sun nuna akasin haka ta fuskar bugu. Wani nazari da ya haɗa sakamakon gwaje-gwaje bakwai, aka wallafa a 2021, ya samu ƙarin haɗarin AF da kashi 25 cikin ɗari ga masu shan su, haɗarin ya kai kusan kashi 50 ga masu shan fiye da giram ɗaya a kullum. A shekarar ce kuma wani gwaji na Amurka mai mutum sama da 25,000 ya nuna cewa bitamin D bai rage kamuwa da AF ba. Cin kifi kansa, sau biyu a mako, yana nan a matsayin shawara mai kyau, kuma tarwaɗa da karfasa na kogin Zamfara da gulbin Ka da madatsar Bakolori sun isa. Haɗaɗɗun bitamin da ake saya don ƙarin kuzari ba a tabbatar suna gyara bugun zuciya ba.

Goro, shayi, lemun kuzari da sauransu

Goro da shayi da gahawa suna ɗauke da kafin. Bincike ya nuna cewa shan gahawa daidai wa daida ba ya ƙara haɗarin AF ga yawancin mutane, amma wanda ya lura gabansa na faɗuwa bayan ya ci goro ko ya sha shayi mai kauri, sai ya rage. Lemun ƙarin kuzari na gwangwani ya fi haɗari, musamman yadda matasa masu aikin ƙarfi a ramukan haƙar zinare da direbobi ke shan gwangwani da yawa a jere, wani lokaci haɗe da taramol ko wasu ƙwayoyi, a cikin zafin rana da gumi. Giya kuwa sananniyar mai tayar da AF ce. Wani gwaji a Ostireliya da aka wallafa a 2020 ya nuna cewa cutar ta dawo wa kashi 53 cikin ɗari na waɗanda suka daina sha, ta dawo wa kashi 73 na waɗanda suka ci gaba. Taba sigari da ƙiba da minsharin da ke ɗauke numfashi cikin barci su ma suna cikin jerin.

Inda abinci da tsirrai ke karo da magani

Mai shan warfarin don hana daskarewar jini ya sani cewa bitamin K da ke cikin ganyaye irin su zogale da alayyahu da kabeji yana rage ƙarfin maganin. Ba a hana shi cin ganye ba, abin da ake so shi ne ya riƙa cin kusan adadi ɗaya a kowane mako, domin a daidaita masa maganin a kan haka, ya kuma riƙa zuwa gwajin INR. Ƙwayoyin tafarnuwa da citta da kurkur masu ƙarfi, da magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, suna ƙara haɗarin zubar jini ga masu shan irin wannan magani.

Mai shan digoxin, idan fotasiyam ɗinsa ya yi ƙasa, maganin yakan zama guba. Alamunsa tashin zuciya da amai da ganin abubuwa sun yi rawaya. Tumfafiya tana ɗauke da sinadarai masu aiki a zuciya irin na digoxin, don haka jiƙonta ko ƙaronta haɗari ne ga kowa, balle mai ciwon zuciya. Zoɓo yana ɗan rage hawan jini, shan sa a matsayin abin sha babu laifi idan ba a cika sukari ba, amma ba ya zama madadin magani. Wasu magungunan asibiti ma, irin su kwinin da erythromycin, suna iya rikita lantarkin zuciya, wanda ya sa bai kamata mai wannan cuta ya sayi magani a kemis bai faɗi abin da yake sha ba.

Game da haɗe-haɗen gargajiya da ke cikin kwalba, lambar hukumar NAFDAC mai ƙarewa da harafin L tana nufin an duba cewa kayan ba su da illa a fili ne kawai. Shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi ba. Wanda babu lamba a jikinsa ko kaɗan, ba a san abin da ke ciki ba.

Azumi da lokacin zafi

Yawancin masu ciwon zuciya da ya lafa suna iya azumi, amma sai sun ga likita kafin watan Ramalana ya kama don a sake tsara lokutan shan magani, ba a fafe gora ranar tafiya. Masu shan maganin sa fitsari sun fi fuskantar ƙarancin ruwa da sinadarai, musamman a watannin bazara. Buɗe baki da dabino da ruwa, da yin sahur da abinci mai wake ko nono ko kunu, da rarraba shan ruwa tsakanin magariba da asuba, sun fi cika ciki lokaci guda da soye-soye.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Kowa zai iya koyon jin bugun jijiyarsa: a ɗora yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, a ƙirga na minti ɗaya cif, a lura ko yana zuwa a jere. Idan bugun ya rikice tare da suma, ko ciwon ƙirji, ko haki a zaune, ko karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko sarƙewar magana, wannan na gaggawa ne, ba a jira gari ya waye. Haka ma mai jegon da ba ta iya kwanciya rigingine saboda numfashi.

Daga ƙauyukan Bukkuyum da Anka da Gummi matakin farko shi ne babban asibitin ƙaramar hukuma, daga nan a tura mutum Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, ko asibitin koyarwa na Sakkwato. Tun da matsalar tsaro ta sa tafiya ta yi wuya, ya kamata a ci moriyar zuwa ɗaya: a nemi gwajin ECG da awon hawan jini da gwajin yawan jini da na ƙoda da sinadarai, a tafi da duk ƙwayoyi da garuruwa da jiƙe-jiƙen da ake sha a nuna wa likita, a kuma karɓi maganin da zai kai har ranar komawa. Kuɗin da za a kashe a kan kwalbar da ba a san amfaninta ba, gara a kashe su a kan waɗannan gwaje-gwaje da kuma wake da gyaɗa da ganye da kifi na tukunyar gida.